Koriyar Waya a Falon Afiniki

Akwai wani mutum mai aikin lantarki, a zamanin da wuta ta fara shigowa garuruwanmu, lokacin da mutane ke fitowa ƙofar gida da magariba don kawai su ga an kunna ƙwan lantarki. Wanda bai ga kwanakin nan ba ya yi rashi, ni kam har yau ina kewarsu.

A zamanin nan masu wannan aiki suka zauna, suka daidaita bakinsu a kan sunayen wayoyi, domin kowa ya gane aikin ɗan'uwansa ko da bai taɓa ganinsa ba. Suka ce jar waya ita ce mai wuta, baƙa ita ce mai mayar da wutar, koriya kuwa sunanta ta ƙasa, ba ta ɗaukar wuta, tana nan ne don tsaron rai. Mutumin nan ya riƙe wannan magana gam.

Sunan matarsa Afiniki. Da ya gina mata falo, ta bi gari tana shela cewa a gidanta zumuntar mata za su yi taron Kirsimeti, a ƙarƙashin fanka da ƙwan lantarki. Ana gobe taro, jar waya ta ƙare wa mijin, ga koriya kuwa tuli a ɗaki. Ba a samun ja sai a birni, mota kuma sai ranar kasuwa.

Afiniki ta ce, "Maigida, waya ai waya ce. Sa koriyar mana, wa zai leƙa cikin bango?"

Ya ce, "Wutar za ta bi ta, ba shakka. Amma duk wanda ya buɗe bangon nan bayana, ta ƙasa zai kira ta."

"Kai dai ka sani ai!"

"Na sani yau. Ba ni zan dawwama a gidan nan ba."

Ta yi roƙo, ta yi fushi, ta ƙi cin tuwo, bai motsa ba. Washegari mata suka cika falo, suka yi waƙoƙinsu a hasken fitilar ƙwai, suna fifita da zane. Wata ta ce, "Matar mai lantarki, ashe ke ma kananzir kike saye?" Aka kwashe da dariya. Kunya ta kama Afiniki ƙwarai, ta kuwa daɗe tana riƙe da mijin a zuciya.

Sai ranar kasuwa ya samo jar waya, ya kammala aikin falon. Shekaru suka shuɗe. Mutumin ya tsufa, Ubangiji ya kira shi gida. Afiniki ta rage ita da falonta da tsohuwar fankar nan mai ƙara, wadda takan zauna ƙarƙashinta tana tuna yadda yakan shigo da filaya a aljihu.

Wata damina fankar ta tsaya. Ɗansu Filibus, wanda ya zama magidanci, ya zo gaishe ta, ya ce bari ya duba. Ya kamata ya kashe wuta tukuna, amma kun san 'ya'yan masu sana'a, gani suke yi da ita aka haife su. Ya kwance murfin makunni, ya ga wata waya ta saki, ya sa yatsu ya jawo ta.

Afiniki ta ɗaga ido, ta ga koriyar waya a hannun ɗanta, a daidai bangon da ta kwana tana roƙo a kansa. Ta yi kuka da ƙarfi, "Filibus, sake ta!"

Ya waiwayo yana murmushi. "Mama, kwantar da hankalinki. Koriya ce, ta ƙasa ce. Aikin Baba ne fa."

Ta zauna a kujera, hawaye na zuba. Filibus ya zaci kewar mahaifinsa ce kawai. Ita kaɗai ta san cewa da mijinta ya ji maganarta ranar nan, da wuta ce ɗanta yake riƙe da ita.

Ma'anar wannan misali ita ce: wayoyin nan kalmominmu ne, bangon kuwa zukatan waɗanda muke reno. 'Ya'yanmu za su kama abin da muka bari da hannu biyu, ba tare da gwaji ba, domin sun amince da mu. In ka kira ƙarya "dabara", ko ka kira zalunci "wayo", kana iya cewa kai dai ka san bambanci. Ɗanka bai sani ba, sunan da ka ba abin shi zai gaskata.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu kira zunubi zunubi, mu kira gaskiya gaskiya, a gida da kasuwa da ikilisiya, ko da za a yi mana dariya a hasken fitilar ƙwai. Wata rana ba ma nan, wani da muke ƙauna zai buɗe bangon, ya sa hannu. Allah ya sa abin da zai kama ya zama daidai da sunan da muka ba shi. Amin.