Keken Malam Sallau

Ku gyara zama ku ji wannan, in na gama ku raba mini gardama.

A wani ƙauye da ko turken lantarki babu, akwai wani dattijo, Malam Sallau. Tun da ƙafafunsa suka mutu, kekensa na guragu ne ke kai shi masallaci da majalisar abokansa. Rannan ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaba ya karye. 'Ya'yansa suka ce za su riƙa ɗaukarsa, ya ce shi ba buhun gero ba ne. Ya shige ɗaki, ya daina hira, tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Tsohon nan da kuke gani akwai taurin kai, amma kunya ce ke cinsa.

Babban ɗansa Ilu direba ne. Ranar kasuwa, ya riga ya yi lodi, ya sauke fasinja yana ba su haƙuri. Ya ciro batirin motarsa, ya bi abokan aikinsa da roƙo har ya samo biyu, don batir ɗaya ba ya narka ƙarfe.

Ƙaninsa Cindo ya taɓa koyon walda a birni, har da guntun sandunan walda a jakarsa. Ya jera batiran, ya haɗa su da waya, sai dai ba shi da gilashin kare ido. Ya san abin da hasken ke yi wa mutum, amma ya tsuguna. Kwana uku ya yi idanunsa na zubar da ruwa kamar an watsa masa yashi.

Da ya liƙa, sai wurin ya sake ɓallewa, tsatsa ta cinye ƙarfen. Autarsu Kande ta shiga ɗaki, ta daɗe, ta fito janye da gadon ƙarfen da marigayiya mahaifiyarsu ta bar mata.

"Yaya, yanki ƙafa ɗaya," in ji ta. "Da Inna na nan, da kanta za ta miƙo maka zarto."

Ranar Juma'a Malam Sallau ya murza kekensa da hannunsa har gindin dalbejiya inda majalisarsu take, farin ciki ya cika shi, hawaye na bin gemunsa. Abokansa suka ce, "Sallau, wa ya tashe ka?"

Ya buɗe baki, ya rasa sunan da zai kama.

To, ku faɗa mini, sunan wa ya kamata ya fara fita daga bakinsa?