Cajar Da Hajiya Hafsat Ta Kai Barka

Hajiya Hafsat ta Nassarawa GRA mace ce mai kyauta, wannan ko maƙiyinta ba zai musa ba. Aibinta shi ne son yabo, kuma ba ta ba da abu sai ya fita daga ranta.

Tana da injin share kafet mai aiki da batir. Wata Litinin shagon da ta saye shi suka turo mata saƙo a waya, cewa kamfanin ya gano cajar injin tana sa batir ya yi zafi har ya kama da wuta. Suka ce a daina jona ta, a mayar a karɓi wata. Ta karanta sarai, ta taɓe baki. Ta riga ta sayi sabon inji, don haka ko direba ba ta ga dalilin aikawa ba saboda 'yar caja.

A makon ne Dije ta haihu a unguwar Kawaji. Dije 'yar wata mata ce mai suna Uwa, wadda ta shekara goma sha huɗu tana dafa wa Hajiya abinci. Ranar suna Hajiya ta sa aka goge tsohon injin, aka haɗa shi da cajar a kwali, ta kai barka. Mata suka yi ta guɗa, ana miƙa shi hannu zuwa hannu. Saƙon nan ya faɗo mata a rai, maganar ta zo har bakinta. Amma ta yaya za ta ce a gaban taro kyautarta na da lahani? Ta haɗiye.

Bayan kwana tara, da la'asar, maƙwabciyarta Hajiya Ameera ta kira ta tana haki. Irin cajar ce ta kama da wuta a gidanta, ta cinye ɗakin ajiya ƙurmus.

Nan take Hajiya Hafsat ta kira Uwa, wadda ta ɗauki hutu don ta kula da wankan jegon 'yarta, wayar a kashe. Ta kira Dije, ita ma a kashe. Wannan ya fi komai tsorata ta, domin ta san ma'anarsa: Kawaji sun kwana biyu babu wuta, kuma da zarar an kawo, duk abin da ke da igiya a gida za a jona shi.

Ko mayafi ba ta gyara ba ta faɗa mota, ta ce wa direbanta Malam Ya'u ya yi sauri. Manyan motocin unguwar Dakata suka tare hanya. Tana salati, tana sake kiran wayar da ta san ba za ta shiga ba. Suna shiga unguwar ta hangi ƙwan lantarki a kunne a shagon wani tela. An kawo wuta.

Tun daga bakin lungu ta ga hayaƙi da mutane riƙe da bokitai. A gidan maƙwabta ta tarar da Dije rungume da jaririn, yana tari amma da ransa. Aka gaya mata Dije na wanka lokacin da batirin ya fashe, labule ya kama. Uwa ce ta shiga, ta fizge labulen da hannu, ta ɗauko yaron.

Uwa na zaune a kan tabarma, hannayenta biyu a cikin kwanon ruwa. Da ta ga uwar ɗakinta sai ta yunƙura za ta gaishe ta.

"Hajiya, ki yi haƙuri," in ji ta. "Kyautarki ta ƙone, ba mu samu fitar da ita ba."

Hajiya Hafsat ta durƙusa a gabanta, kunya da nadama suka rufe ta. "Uwa, na san cajar nan na da lahani tun kafin in kawo. An gaya mini, na yi shiru."

Hajiya ta kai Uwa asibiti, ta tsaya mata har ƙunar ta warke, amma yatsun sun ƙandare. Uwa ba ta sake riƙe muciya ba, ba ta kuma sake taka gidan GRA ba.

Darasin shi ne, idan masu kaya suka ce kayansu na da haɗari, a mayar musu, kada a raina gargaɗin don abin ƙarami ne. Abin da kuma ba ka yarda ya zauna a ɗakinka ba, kada ka kai shi ɗakin wani da sunan alheri. Kunyar faɗin gaskiya a gaban taro ta minti ɗaya ce, amma shirun Hajiya Hafsat ya raba Uwa da hannayenta har abada.