Kurege da Sandar Majalisa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, in da daɗi mu riƙe.

To ku matso, ku bar zungurin juna haka nan, ni kaina ma ciwo yake.

Wata Bushiya ce da 'ya'yanta huɗu, ƙanana, ƙayarsu ko tauri ba ta yi ba. Raminta na gindin wani kalgo. Ran nan sai ta ji wai nan da kwana uku giwaye za su sauko kogi, kuma sabon burtalin da aka shata musu ta kan raminta ya bi. Ta kan raminta fa! Ga 'ya'ya ba su isa tafiya ba, ga shaho na shawagi a sama. Tun daga ranar ko ƙwaro ba ta ƙara ci ba.

To a dajin nan akwai Majalisar Dattawa, a ƙarƙashin tsamiya take zama, ita kaɗai ke da ikon karkatar da burtali. Gwanki ne Shugaba, Kunkuru ne akawu mai riƙe da littafin doka, Bushiya kuwa ita ke wakiltar mazauna rami. A tsakiya akwai wani faffaɗan kututture da suke kira tebur, a kansa ake ɗora sandar majalisa. Tsohuwar sandar gara ta cinye ta, sai aka sa wani ƙaton rake a madadinta kafin a sassaƙo wata.

Akwai kuma Kurege. Uhm! Kurege ya haddace littafin dokar nan kaf, har ya fi akawu. Ba don Allah ya haddace ba. Duk ranar da aka zauna ana ba kowane dattijo ƙoƙon gyaɗa, to shi aikinsa ke nan, ya ja magana kamar danƙo, kwana ya ƙaru, gyaɗa ta ƙaru.

Rana ta fari Bushiya ta ce, "Mai girma Shugaba, ranka ya daɗe, 'ya'yana..."

"Doka!" in ji Kurege. "Doka ta tara, mai magana sai ya miƙe tsaye."

"Ai a tsaye nake, Malam Kurege."

"Daga nan ba a gani, Uwar Ƙaya."

Gwanki ya dubi akawu. Kunkuru ya buɗe littafi, ya lashi yatsa, ya juya shafi, ya ce, "Haka doka ta ce." Aka ce a nemo mata turmi ta hau. Kafin a mirgino turmi rana ta faɗi. Aka raba gyaɗa, aka tashi.

Rana ta biyu Bushiya ta hau turmi, ta faɗi maganarta tun daga farko. Da ta zo kan ƙaramin cikinsu, wanda idonsa bai gama buɗewa ba, sai muryarta ta karye, hawaye ya zubo.

"Doka!" in ji Kurege. "Doka ta sha huɗu, ba a kuka a majalisa. Abin da aka faɗa da hawaye a share shi daga littafi."

"Haba Malam Kurege! Kai ba uwa ce ta haife ka ba?"

"Uwata ba ta cikin ajanda."

Kunkuru ya lashi yatsa, ya juya shafi, ya ce, "Haka doka ta ce." Ya kama sharewa. Kun san sharar kunkuru. Kafin ya gama rana ta faɗi. Aka raba gyaɗa, aka tashi.

Rana ta uku, ita ce ta ƙarshe, gobe da sassafe giwaye. Bushiya ta cije leɓe, ta hau turmi, ta yi magana ido a bushe ƙamas. Ba abin da ya rage sai a ji ra'ayin dattawa. Gwanki ya buɗe baki ke nan...

"Doka! Rana ta take, lokacin hutu ya yi."

Wayyo ni! Da ni ce a wurin da na kwaɗa masa muciya. Dattawa suka watse shan ruwa, Bushiya ta ruga ta leƙo 'ya'yanta. Aka bar Kurege, aka bar rake.

Ya dubi rake, rake ya dube shi. Ya ce, "Ɗanɗanawa kawai zan yi, in ji ko gara ta shiga." Ya sha gaɓa ɗaya. Ya ce, "Yanzu ta karkace, bari in daidaita ɗaya gefen." Ya sha gaɓa biyu. Daidaita nan, daidaita can, sai ga tebur wayam, ba komai sai tuƙa.

Dattawa suka dawo. Kunkuru ya ce, "Ina sanda?"

Kowa ya juya ya dubi Kurege. Ciki ya yi tim, gashin baki na danƙo, ƙudaje sun yi masa rawani.

Gwanki ya buga ƙafa. "Yau sai majalisa ta hukunta ka!"

Kurege ya yi gyatsa. "Doka ta biyu, ranka ya daɗe. Babu sanda, babu zama. Babu zama kuwa, wa zai yi hukunci?"

"To a kawo wata sanda!"

"Sabuwar sanda sai da ƙuduri. Ƙuduri sai da zama. Zama sai da sanda."

Kunkuru ya lashi yatsa, ya juya shafi, ya ce a hankali, "Haka doka ta ce."

Bushiya ta dafe kai a kan turmi. Shi ke nan, ba zama, ba burtali, ba 'ya'ya.

To akwai Kura a majalisar, kwana ukun nan barci take a kujerar baya. Sai ta buɗe ido ɗaya, ta ce, "Akawu, karanto mini doka ta ɗaya."

"Muddin sanda na kan tebur, babu dattijon da zai ci ɗan'uwansa."

"In ba ta kan tebur fa?"

Kunkuru ya juya shafi gaba, ya juya baya. "Littafi bai ce komai ba."

"Madalla da littafi," in ji Kura. Ta miƙe, ta yi miƙa, ta tare hanyar fita. "Ɗan'uwa Kurege, an ce naman da aka yi kiwonsa da gyaɗa aka rufe da rake, ba ya buƙatar gishiri."

Kurege ya dubi gabas, ƙaya. Ya dubi yamma, Kura. Sai ya yi tsalle ɗaya, caraf a kan tebur, ya miƙe samɓal, ya sandare har jela.

"Ranka ya daɗe! Sanda tana cikina, ni ina kan tebur. Sanda na kan tebur! Majalisa na zaune!"

Gwanki ya sosa ƙeya da ƙaho, ya dubi akawu. Kunkuru ya ce, "Littafi bai faɗi irin kamannin sanda ba. Amma sai in wani ya goyi baya."

"Wa ya goyi baya?" in ji Gwanki.

Kowa ya kau da kai. Duk majalisar babu wanda Kurege bai taɓa katse wa magana ba. Kura ta matso taku ɗaya, yawu na zuba.

Bushiya ta dube shi. Wallahi zuciyarta cewa take a bar Kura ta yi aikinta. Amma in aka cinye sanda karo na biyu, wa zai karkatar da burtali? Ta haɗiye fushinta kamar maɗaci, ta ce, "Na goyi baya."

Kura ta ja tsaki, ta koma ta zauna, amma ba ta rufe ido ba.

Gwanki ya ce, "To, batun burtalin giwaye. Waɗanda suka yarda a mai da shi bayan bishiyar kuka..."

Hali zanen dutse. Bakin Kurege ya buɗe da kansa. "Do..."

"Doka!" in ji Bushiya, da wata murya da ita kanta ba ta san tana da ita ba. "Ranka ya daɗe, tambaya nake. Sanda tana magana?"

Kunkuru bai ko lashi yatsa ba. "Tunda nake ban taɓa ji ba."

"In ta yi magana ai ba sanda ba ce," in ji Kura. "Nama ne."

Kurege ya rufe baki ƙam. Ƙuda ya sauka a hancinsa, bai kore ba.

"Waɗanda suka yarda su ce e!"

"E!" Har ganyen tsamiya ya zubo.

"Waɗanda ba su yarda ba su ce a'a!"

Kowa ya zuba wa tebur ido. Sanda ba ta ce uffan ba.

"Masu e sun rinjaye!"

Aka zo rabon gyaɗa. Mai rabo ya miƙo ƙoƙon Kurege, Bushiya ta sa hannu ta karɓe. "Sanda ba ta cin gyaɗa. Ni kuwa ina da baki huɗu a gida." Hawaye ya gangaro wa sanda ta gefen ido. Kunkuru ya ce, "Ba a kuka a majalisa."

Da aka tashi, bisa doka akawu ya ɗauki sanda ya saka a akwati ya kulle. Kura ta kwanta a kan murfin tana jira a buɗe. Shi kuwa gogan ya ƙwaƙule gindin akwatin da haƙori, ya haƙa ƙasa, ya ɓulla can bayan suri, ko waige.

Da gari ya waye Bushiya ta ji ƙasa na rawa, dim, dim, dim. Ta leƙo. Ga giwaye can bayan kuka suna wucewa. Ta koma ciki ta ƙirga 'ya'yanta, huɗu. Ta sake ƙirgawa, huɗu. Sannan ta ci abinci.

Shi ya sa har yau in kun ga kurege a bakin gona, sai ya miƙe ƙyam ya sandare, ko motsi ba ya yi. Ba gaishe ku yake ba. Dubawa yake ko an tashi daga majalisa, kafin ya arce.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege! Ba don Gizo na jina ba da na ce a gabana aka yi. Darasin kuwa shi ne, duk wanda zai cinye sandar majalisa, to ya fara tambaya ko Kura ta karya kumallo. Ku tashi haka nan, kuma raken da na ɓoye a bayan randa, na san gaɓa nawa ne.