Hawainiya Mai Hula Huɗu

An yi wani alƙali a garin Tudun Kanya, ana ce da shi Malam Haladu. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya gaggawar yanke hukunci, har masu ƙara kan yi zaton barci yake yi alhali yana jin komai.

A zamaninsa aka tashi zaɓen shugaban 'yan kasuwa. Cikin masu nema akwai Alhaji Sallau, attajiri mai huluna da yawa. In zai shiga layin Barebari sai ya kafa zanna, in ya nufi Fulani masu shanu ya ɗora malafa, wajen Ibo masu kayan mota kuwa jar hula. Ko'ina ya je maganarsa ɗaya ce: "Ni naku ne. In ba ku zaɓe ni ba, waɗancan za su cinye ku."

To, akwai wani Bafulatani mai shagon ɗaukar hoto, Gidado, wanda Allah ya hore wa tsokana fiye da ciniki. Ya haɗa hoton hawainiya a waya, ya jera mata hula huɗu a ka, ya rubuta a ƙasa: "Yau ni ɗan wace ƙabila ne?" Kafin la'asar babu wayar da hoton bai shiga ba, kasuwa ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Bayan kwana uku abin ya juye. Wasu suka buga hoton a takarda, suka ƙara masa "Baƙi ku koma gida," suka manna a ƙofar shagon Ya Falmata, wata dattijuwa Babarbariya da ta shekara talatin tana sayar da turaren wuta a kasuwar. Ranar ko tabarma ba ta shimfiɗa ba. Alhaji Sallau ya garzaya kotu, ya nemi a haramta hoton, a rufe shagon Gidado, a kore shi daga kasuwa.

Ranar shari'a Alhaji ya zo da zanna sabuwa fil. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba don kaina na zo ba. Hoton nan tambarin ƙiyayya ne. Uwata Ya Falmata aka ci wa mutunci, hawayenta kuwa ya hana ni cin abinci."

Gidado, da tsokana ta ƙare masa, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, hawainiya tawa ce, ba na musu. Amma wanda na yi domin shi ya san kansa. Ban manna komai a ƙofar kowa ba."

Malam Haladu ya ga abin da wuya. In ya ce hoton wasa ne kawai, ya raina hawayen tsohuwa, gobe kuma a manna shi a ƙofa goma. In ya ce ƙiyayya ne, ya raba mutum da abincinsa saboda ya yi wa mai neman mulki dariya. Ya lumshe ido har aka fara gyaran murya, sannan ya ce, "Kafin mu shiga magana, ai ba a yi wa mai shago jaje ba. Tana nan cikin matan da ke zaune a baya. Alhaji, kai ne ɗanta, fara zuwa ka gaishe ta."

Alhaji ya miƙe yana gyara babbar riga. Mata bakwai ne a benci, kowa ta lulluɓe da mayafi. Ya duba dama, ya duba hagu, ya zaɓi wadda ta fi tsufa, ya durƙusa ya ce, "Sannu Iya, Allah ya huci zuciyarki."

Tsohuwar ta ce, "Ɗan nan, ni kan akuyata da ta ɓata na zo."

Kotu ta kwashe da dariya, har ɗan sanda ya juya baya yana goge ido. Alƙali ya ce Gidado ma ya je. Bai ko duba ba, ya nufi ta ƙarshen benci ya tsuguna. Ya Falmata ta dungure masa kai ta ce, "Kai ɗan Fulanin banza, ka ga abin da hawainiyarka ta jawo mini?" Dama Fulani da Barebari abokan wasa ne tun kaka da kakanni.

Alƙali ya tambaye ta, "Hajiya, hoton nan ya ɓata miki rai?"

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ranar da na gan shi a waya, dariya na yi har na tura wa 'yata. Ranar da na gan shi a ƙofata, tsoro ne ya hana ni buɗe shago. Wannan ja'irin ne ya zo da bokitin ruwa ya kankare shi, yana kankarewa yana ba ni haƙuri. Wancan mai zannar kuwa, yau na fara ganinsa kusa."

Sai Malam Haladu ya gyara zama ya ce, "Hoto ɗaya ne, amma aiki biyu aka sa shi. A waya ya yi wa mai neman kujera dariya, wanda ke da baki da jama'a da ikon ramawa. Wannan wasa ne, kuma mai neman shugabanci sai ya jure shi. A ƙofa kuwa an yi amfani da shi an tsoratar da matar da ba ta nemi komai ba sai ciniki. Wannan ƙiyayya ce, kuma hannun da ya manna za mu nema. Gidado, koma shagonka. Amma tunda hawainiyarka ta kai inda ba ka aike ta ba, ka ɗauki hoton Hajiya a bakin shagonta, ka rubuta 'Ta nan ce,' ka tura duk inda wancan ya je."

Aka yi haka, turaren Ya Falmata ya ƙare kafin Juma'a. Da aka kamo masu mannawar, sai ga su cikin rigunan kamfen na Alhaji Sallau. Ba a ce shi ya aike su ba, amma tun daga ranar hula ɗaya yake sawa.

Masu hankali suka ce: kafin ka kira hoto wasa ko ƙiyayya, duba ƙofar da aka manna shi, sannan ka tambayi mai ƙofar ko ta yi dariya.