Shari'ar Kajin Tsibiri

An ce wai a wani gari na bakin kogi an yi wani alƙali mai suna Malam Ishiyaku, mutum ne mai jinkirin magana da saurin lura. A tsakiyar kogin akwai wani tsibiri wanda ambaliya ta kori mutanensa tun zamanin kakanni, suka bar kajinsu a can. Kajin suka yi ta hayayyafa har suka koma na daji, kowane zakara da garkensa da bishiyar da suke kwana a kai. Ba muzuru, ba tunku, ko shirwa ba ta zuwa wurin.

Wata rana aka kawo wata tsohuwa gaban alƙali, Tabawa mai busar da kifi, tare da kwandon kaji bakwai. Wanda ya yi ƙararta shi ne Madugu Tanimu, attajirin garin.

Madugu ya ce, "Allah ya gafarta malam, kajina bakwai suka ɓace daga akurki, sai ga bakwai a hannun matar nan. Ga shaidu biyu sun gane launinsu."

Shaidun suka tabbatar. Jama'a suka fara gunaguni, domin hukuncin ɓarawo a garin bulala ne a tsakar kasuwa, sannan kora.

Alƙali ya ce, "Baiwar Allah, me za ki ce?"

Tabawa ta ce, "Malam, tsibiri na tuƙa jirgina na kamo su. Hatsi kawai na watsa suka zo har ƙafata. Ni kaɗai na je, ba wanda ya gan ni sai Allah."

Alƙali ya auna lamarin. In ya sake ta, ya ƙaryata shaidu ba hujja. In ya hukunta ta, wataƙila ya zalunci marar gata. Can sai ya ce a kai kwandon fili bayan mahauta, kuma a ɗebo sauran kajin gidan Madugu a haɗa su duka wuri guda.

Aka sake su, aka watsa musu dawa. Alƙali ya sa mahauci ya riƙa jefa tarkacen nama sama. Ba a jima ba sai ga shirwa uku suna shawagi. Da inuwar ta farko ta gilma, zakaran Madugu ya ƙwalla ƙara, kajinsa suka tarwatse, wasu ƙarƙashin rumbu, wasu cikin kara. Bakwai ɗin nan kuwa ko kai ba su ɗaga ba. Shirwa ta sauko har fiffikenta ya tayar da ƙura a gabansu, suna ta tsattsagar dawarsu.

Alƙali ya juya ya ce, "Madugu, kazar da ta tashi a gidanka ta san shirwa tun tana 'yar tsako. Waɗannan ba su taɓa ganin abin da ke cin kaza ba. Shaidunka launi suka gani, kuma launi na iya kama da launi. Je ka nemi naka a wani wuri, amma kafin nan ka roƙi gafarar matar nan a gaban mutanen da ka tara mata."

Madugu ya durƙusa, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Inna, ki yafe mini." Sai da Tabawa ta gama mayar da kajinta cikin kwando, sannan ta ce ta yafe.

Daga nan masu hankali suka ce, in kana son sanin inda halitta ta tashi, bar duban kamanninta, dubi abin da take tsoro.