Masu Tallan Cincin da Ba Su Ɗanɗana Ba

Akwai wani saurayi a wata ikilisiya ta bakin gari, sunansa Filibus, shi ne shugaban ƙungiyar matasa. Mutum ne mai himma, irin wanda in an ce a share majami'a sai ya haɗa da wanke tagogi. Yana kuma da son sanin dalilin abu. Ko tururuwa ya gani a jere, sai ya bi su ya ga raminsu.

Yaran makarantar Lahadi na ikilisiyar nan a ƙarƙashin wata rumfar kara suke zama. Karan ya ruɓe, damina kuwa ta ƙarato. Wata Lahadi bayan sujada Filibus ya miƙe gaban jama'a, ya ce matasa sun ɗauki nauyin rufa rumfar da kwano kafin ruwan fari. Aka yi ta tafi. Da dattawa suka tambaye shi inda kuɗin zai fito, ya ce cincin za su soya su sayar.

Zumuntar mata ta ba su fulawa da mai da sukari kyauta. Wata dattijuwa ta kwaɓa musu, su kuma suka murza, suka yanka, suka soya. Tun kafin kaskon fari ya sauka Filibus ya kafa doka. Ya ce kayan nan an keɓe su domin aikin Ubangiji, saboda haka kada kowa ya kai ko ɓarɓashi bakinsa. Ya san mutanensa, in kowa ya ɗebi tafi guda, rabin rumfar ya tafi ciki ke nan. Matasan suka yi biyayya, suna ƙulla cincin a leda suna haɗiyar yawu. Shi kansa ya kiyaye dokar fiye da kowa.

Sai aka zo kan dabarun talla, nan fa Filibus ya baje basirarsa. Ya sa suka yi anko, domin a gane su tun daga nesa. Ya sa aka buga 'yar takarda mai hoton rumfa aka liƙa a jikin kowace leda. Ya ce wanda ya sayi uku a ba shi gyaran ɗaya. Ya raba su biyu-biyu, waɗansu tasha, waɗansu ƙofar makaranta, waɗansu layin teloli. Aka ɗauki hoton cincin aka yi ta turawa ta waya har sai da 'yan'uwa na nesa suka gaji da gani. Ya kuma tsara musu kirari suka haddace: cincin matasa, mai laushi kamar auduga, ci ɗaya ka nemi goma.

Suka fita, suka dawo da yamma da robobinsu kusan yadda suka tafi da su. Kashegari haka, mako ya zagayo haka. 'Yan ikilisiya sun saya ranar Lahadi domin kunya, amma mutanen gari sai su duba ledar, su yaba hoton, su wuce.

Mutum ɗaya ce kullum take dawowa da roba wayam, wata yarinya daga cikin mawaƙa mai suna Tabita. Abin ya ɗaure wa Filibus kai, gama Tabita ko kirarin ba ta iya daidai ba, rigar ankonta ma rabin lokaci tana kan igiya. Abin da kowa ya san ta da shi ɗaya ne, ba ta gaba da abinci. In ana biki a ikilisiya, a nemi Tabita kusa da tukunya.

Filibus ya ce a ransa ruwa ba ya tsami banza. Da fari ya zaci layin da aka ba ta ne yake da masu kuɗi, ya mai da ita tasha, ya tura wani layin nata. Wancan ya dawo da kayansa, ita ta dawo da roba wayam. Ya zaci danginta ne suke saye, ya bincika, ya tarar danginta suna ƙauye. Ya tambaye ta ko akwai wata dabara, ta ce ita ba ta san wata dabara ba, talla kawai take yi. A nan ya ga zuwa da kai ya fi aike.

Wata safiya ya bi su a hankali. A tasha ya tarar da ɗaya daga cikin samarinsa, wani direba yana tambayarsa ko cincin ɗin mai madara ne. Saurayin ya rera masa kirari. Direban ya sake tambaya, saurayin ya sake rerawa da ƙarfi. Direban ya juya ya sayi gyaɗa.

Filibus ya wuce layin teloli, inda Tabita ta nufa a ranar. Ya laɓe bayan wani shago, ya ga ta durƙusa ta gai da wani tsohon tela. Tsohon ya juya ledar a hannunsa, ya tambaye ta ko haƙoransa za su iya.

Tabita ta ce, “Gaskiya, Baba, yana da ɗan tauri, sai dai ka jiƙa a shayi. Amma in ya jiƙa za ka ji madarar, sukarin kuma bai yi yawa ba. Bari in zaɓo maka wanda ya ɗan yi ja, shi ya fi daɗi.”

Tsohon ya sayi biyu, ya kira maƙwabcinsa shi ma ya saya. Filibus kuwa ya tsaya yana mamaki. Yarinya ta faɗi aibin kayanta da bakinta, aka kuma saya! Sai wata tambaya ta faɗo masa: ina ta san wanda ya yi ja ya fi daɗi? Ya fito daga maɓoyarsa ransa a ɓace, ya gai da tsohon, ya juya ya tambaye ta ko ta ci.

Tabita ta sunkuyar da kai ta ce, “Na ci, Yaya Filibus, amma ba sata na yi ba. Kullum in zan fita nakan sayi ƙulli ɗaya da kuɗina. Ƙamshin ne ya fi ƙarfina.”

Filibus ya laluba dokarsa ciki da waje bai ga inda ta hana mai talla ya zama mai saye ba. Yana cikin wannan sai tsohon telan ya dube shi ta saman tabarau ya ce, “Ɗana, ashe kai ne shugabansu. To, kai yaya ka ji shi?”

Filibus ya buɗe baki, ba abin da ya zo sai kirarin, ya kuwa ji kunyar rera shi. Tsohon ya kwance ledarsa ya miƙa masa. Ya ɗauki ɗaya ya tauna. Ashe akwai citta a ciki, 'yar kaɗan, mai ɗumama maƙogwaro. Makonni yana shelar cincin nan a gari bai san da citta ba. Laushin auduga kuwa babu shi ko kusa, garas-garas yake, daɗinsa ma a nan yake. Wato duk kwanakin nan yana sa 'yan'uwansa suna yabon abin da babu, suna barin abin da yake akwai.

Da yamma ya tara matasan, ya kwance ledoji da hannunsa, ya ce kowa ya ci. Aka ci, aka yi ta gardama a kan ko ja ya fi ko fari. Kashegari suka fita kowa da abin faɗa na bakinsa, kasuwa kuwa ta buɗe. Sai dai lokaci ya riga ya tafi. Cincin da yake ƙasan buhu ya sha zafi har ya soma warin mai, dole aka zuba wa kaji. Abin da aka samu ya rufe rabin rumfar da ɗan ɗori.

Ruwan fari ya sauko ranar Lahadi ana tsakiyar darasi. Yaran suka matsu a gefen da yake da kwano, manya suka ɗora ƙanana a cinya, duk da haka na baki-baki suka jiƙe. Filibus ya tsaya a gefen da babu rufi, ruwa yana dukansa, yana kallonsu. Ya yi baƙin ciki ƙwarai, gama ya san cincin da kaji suka ci shi ne sauran kwanon.

Ma'anar wannan misali ita ce, cincin nan bishara ce, masu talla kuwa mu ne, dukanmu da muke amsa sunan Almasihu. Anko da hoto da kirari su ne shirye-shiryenmu, da waƙoƙinmu, da kalmomin da muka haddace tun muna yara. Ba su da laifi, Filibus ma ba mugu ba ne. Ya girmama kayan Ubangiji ne har ya hana kansa kusantarsu, ya manta an soya su domin a ci.

Haka da yawanmu muke. Muna ɗauke da Maganar Allah a hannu, muna kiran mutane su zo, amma ba mu taɓa zama mun ci daga cikinta ba. Maƙwabcinka da ɗansa yake kwance asibiti, in ya tambaye ka ko addu'a tana da amfani, yana so ne ya ji abin da ya same ka ranar da kai ka durƙusa. Mai shaida ta gaskiya yakan faɗa kamar Tabita, cewa hanyar nan tana da tauri a wani wuri, ga kuma inda daɗinta yake. Mutane suna gane muryar wanda ya ci.

Ku lura kuma, Filibus ya gyara, amma gyaran bai dawo da kwanakin da suka wuce ba. Waɗanda suka jiƙe yara ne da ba su kafa dokar ba. Iyaye, malaman makarantar Lahadi, shugabannin matasa, akwai waɗanda suke zaune a ƙarƙashin shaidarku. Wata rana ɗaya daga cikinsu zai ɗaga kai ya tambaye ka yadda kai ka ji shi. Ka ci tun yau, domin ka sami amsa ta bakinka.