Alewar da Ilu Ya Hana Jikarsa

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah mai suna Ilu, sana'arsa sayar da alewar madara. Yana da jika, Kuluwa. Shi yana ce mata amarya, ita tana ce masa angona.

Kuluwa da ciwo aka haife ta, huda ce a zuciyarta. In ta ɗan yi gudu sai leɓɓanta su yi duhu, ta tsugunna tana haki. Yara suna wasa, ita tana gindin farantin kakanta. To me tsoho zai yi? Sai ya miƙa mata alewa. Safe alewa, yamma alewa. Tausayi ne, jama'a, ba mugunta ba.

Sai haƙori ya ruɓe. Aka sa kanumfari, aka ce zai wuce. Kunci ya kumbura ya sace, aka ce ai ya wuce. Ku saurara, bai wuce ba. Zazzaɓi ya zo, ciwon kai ya zo, amai ya zo. Rannan hannunta ya ƙi ɗaguwa, ta faɗi tana fizge-fizge. Wasu suka ce iska ce. Ilu bai tsaya ba, ya saɓa ta a kafaɗa, shi da uwarta Hansai sai asibitin birni.

Likita ya ce, "Baba, ruɓar haƙorin ce ta shiga jini. Mai irin zuciyarta, jinin ba ya tacuwa yadda ya kamata, sai cutar ta haura ƙwaƙwalwa ta tara mugunya. Za mu cire. Amma in wani haƙorin ya ruɓe, abin yana iya dawowa."

Aka yi aiki. Ilu ya kasa zaune ya kasa tsaye, ya je bakin ƙofa ya dawo, ya je ya dawo. Allah Ya tashi kafaɗar yarinya.

To jarrabawar ba a asibiti take ba, a gida take. Ranar da suka dawo, Kuluwa ta lallaɓo gindin faranti, kai a aske, ta miƙa hannu.

"Angona, ina tawa?"

"Babu, amarya."

"Ga ta nan ina gani!"

"Ta mutane ce."

"To ka sake ni. Na fasa auren."

Ta fashe da kuka, leɓɓan suka fara duhu. Matar Ilu ta leƙo ta ce, "Haba Malam, ɗan ɓalli ɗaya? Kashe ta za ka yi da kuka?" Maƙwabta suka ce tsufa ya zo wa Ilu da rowa, ya hana marar lafiya. Hannunsa ya kai kan faranti, ya janye. Ya sake kaiwa, ya janye. Allah kaɗai Ya san abin da ke cin sa.

Washegari ya ɗauke farantin daga ƙofar gida. Da gwiwarsa mai ciwo ya riƙa tafiya kasuwannin ƙauye, don kada idonta ya gani. Kafin ya fita kuma sai ya zaunar da ita, ya goge mata haƙora ɗaya bayan ɗaya, tana ture shi. Ta daina ce masa angona. Har damina ta wuce, in ya shigo sai ta juya baya. Bai taɓa kare kansa wurin kowa ba.

Ciwon bai dawo ba. Kuluwa ta girma, Ilu kuwa ya rasu unguwa tana kiransa marowaci.

'Yan'uwa, bayarwa ba ta da wuya, ana gode maka. Ku duba mai hanawa don ƙauna, ana zaginsa yana shiru. Wannan shi ne haƙuri. Wanda ke da yaro mai ciwon zuciya, yau in ka koma gida ka ce ya buɗe baki, ka duba. Ka ga baƙi a haƙori, ka kai shi asibiti, kada ka jira kumburi. In ya yi fushi da kai, ka bar shi ya yi. Mai rai ne yake fushi.